Maƙwabcin Gida, Maƙwabcin Ruwa

A unguwar da aka yanke mini cibiya, a ƙasar Kura gefen Kogin Kano, rabon ruwan lambu ba shi da ofis, ba shi da littafi. Gidajen ba su kai ashirin ba, kowanne da rumbunansa da kukarsa da turken awaki, kuma daga ƙofar zauren kakana ana hango lambunan da ke kan gaɓa. Idan kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, kogi ya janye ya bar yashi fari fat, sai magidanta su gangara da kwanduna su tone rami har ruwa ya tsattsafo. A kan gaɓa a kafa gwafa biyu, a gitta itace, a ɗaura doguwar sanda, gindinta a ɗora mata curin laka, bakinta a sa igiya da guga. Jigo ke nan. Babba ya ja igiya ƙasa, nauyin laka ya ɗago masa ruwa, ya juye a bakin 'yar hanya. Mu yara muna can ciki da 'yar fartanya, mu buɗe wa wannan fangali, in ya sha mu toshe, mu buɗe wa na gaba. Albasa, tattasai, tumatir, ɗan alkama na taliyar salla da alkaki, iyakarsa ke nan.

Rami ɗaya gida uku ko huɗu ke sha daga cikinsa, kuma ruwan ba ya jure a ja shi ba hutu, sai an bar shi ya taru. Saboda haka dole a yi layi. Wani daga asuba zuwa hantsi, wani bayan azahar, wani da la'asar sakaliya. A zaure ake yanke wannan bayan sallar isha, kan tabarma, ana ɓare gyaɗa. Wanda ya yi dashe jiya a ba shi safiya, don dashe ba ya son rana. Wanda zazzaɓi ya kwantar, mai bi masa a layi shi zai shayar masa da fangalinsa, ba tare da an roƙe shi ba. Ranar da yashi ya rufta ya cike rami, kafin hantsi an yi gayya an yashe.

Ana samun mai wuce lokacinsa, ɗan Adam ne. Amma wanda ya ƙwari wani a bakin jigo da safe, da shi zai haɗa kafaɗa a sahu da magariba, wataƙila ma 'yarsa tana aure a gidan. Na sha jin kakana ya dubi mutum a ƙofar masallaci ya ce, “Malam, albasarka ta fi ta ɗan'uwanka jin ƙishi ne?” Sai mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, “A gafarce ni, Baba.” Magana ta mutu. Ko dagaci ba ya jin labari. Fulanin da ke sauka kusa da mu da rani su ma suna cikin lissafin: an bar musu burtali tsakanin lambuna har zuwa mashaya, su kuma su kwantar da shanu a gonakinmu na tudu su bar mana taki.

Aikin jigo dai aiki ne mai karya baya. Mutum ya wuni yana ja, abin da zai shayar bai wuce a zagaye shi da 'yan taku ba, kuma tafin hannun mahaifina ya yi kanta tun yana saurayi. Da farin 1972 da 1973 ya zo, ramukan suka riƙa nisa, wasu suka ƙafe ƙaf, gidaje da yawa suka sayar da dabba suka sayi tsaba. Don haka babu wanda ya ƙi jin labarin da ke yawo cewa Gwamna Audu Bako yana tare ruwa a Tiga, kuma ruwan zai biyo kanal da ƙafarsa har gona, ba guga ba igiya. An riga an fara gwaji a Kadawa da ruwan dam ɗin Bagauda, waɗanda suka je suka gani suka dawo suna rantsuwa cewa sun ga alkama iya ganin ido a tsakiyar rani. A 1974 aka gama Tiga, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma kashin farko na aikin an tsara shi ya shayar da hekta 22,000.

Masu safiyo suka zo da tutoci da abin hangensu mai ƙafa uku. Suka kafa turaku a tsakiyar gonaki, ɗaya ma a gindin rumbun Inna. Bayani ya biyo baya ta bakin dagaci: ruwan kanal gangare yake bi, ba ya san kwana don gidan wani, sai an baje ƙasa ta yi daidai, kuma 'yan gidajen da ke warwatse cikin fili ba za su zauna ba. Za a tattara mu da wasu unguwanni a sabon gari a kan tudu kusa da hanya, inda za a yi rijiya da makaranta. Kakana ya ce, “Ranka ya daɗe, gari mun ji. Gona fa, nisanta nawa daga garin?” Dagaci ya ce za a duba. Shi ma abin da aka faɗa masa ya faɗa.

Katafila ta fara da itatuwa. Kuka, ɗorawa, tsamiya, gawo, duk suka kwanta cikin 'yan makonni. Maza suna lissafin diyya, mata suna lissafin miya, domin daga ɗorawar nan Inna take yin daddawar da take sayarwa, da ita ta yi wa yayata kayan ɗaki. Wannan asarar ba ta shiga takardar kowa ba.

Sabon gari ya fito layi-layi kamar kunyoyin gona. Ina tuna yadda ya burge mu, mu yara: hanya miƙaƙƙiya da za ka yi gudu ba ka ci karo da danga ba, motoci suna wucewa zuwa Zariya, rumfar mai shayi. A makarantar garin nan na fara rubuta sunana da boko, kuma ba don tashin nan ba da wuya in riƙe alƙalami. Ina faɗin wannan da godiya. Amma an raba fulotai bisa jerin sunayen da ke takarda, ba bisa yadda muke zaune a da ba. Kawuna, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da namu, ya faɗa can ƙarshen gari. Mutanen da muke sha rami ɗaya da su suka watsu layi huɗu. Fulotin kuma bai yi tanadin gidan gandu ba, inda 'ya'ya maza ke aure su yi ɗaki a cikin gida, bai bar wurin turke da gonar bayan gida da ake zuba wa toka da shara ba. Da yaran gida suka girma, sai suka fita neman fili wani wuri, gandu ya fara tsinkewa.

Babban abin ya bayyana ne ranar da aka mayar da gonaki. An ba kowa gwargwadon abin da yake da shi a da, bayan an cire na kanal da hanya da magudana, wannan an yi ƙoƙarin adalci. Sai dai iyakokin da sun tafi da katafila, sababbin kuma ruwa ne ya shata su. Ruwa yana fitowa daga babban kanal ya shiga reshe, daga reshe ya shiga ƙaramin kanal, daga nan geti ya sake shi cikin hanyar ƙasa da ke bi ta gefen gonaki, kowa ya ɗora lanƙwasasshen bututu ya zuƙo zuwa gonarsa. Duk waɗanda ke kan hanyar ƙasa ɗaya ruwa ya ɗaure su da igiya ɗaya, sun so ko sun ƙi. A tamu hanyar akwai mutanen garuruwa uku. Na samanmu bai taɓa taka zaurenmu ba. Na ƙasanmu Juma'arsa ma a wani gari yake yi. Mu kuma tsakanin gida da gona tafiya ce ta kusan awa guda a ƙafa, jaki da mangalar taki ya yi sawu biyu rana ta yi tsaka.

Wanda ya zana gari ya dubi hanyar mota da tudun da ruwa ba zai ci ba. Wanda ya zana kanal ya dubi gangare. Kowannensu ya iya aikinsa, na yarda da haka har yau, domin ruwan yana zuwa inda aka ce zai zo. Abin da ban ga alamar an yi ba shi ne a ɗora taswirar gari a kan taswirar kanal a tambaya: waɗannan da za su raba ruwa, a ina za su haɗu su yi magana?

Wani ƙanen kakana da ya tafi Makka ta ƙasa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya ƙarasa, shi ne ya fara gane inda aka dosa. Yakan ba mu labarin ruwan da aka tare a Sinnar tun 1925, da gonakin da aka yanka daidai wa daida, da yadda Hausawa da sauran 'yan yamma ke zaune a sansanonin da ake kira kambo a gefen kanal, suna aikin gonar da ba tasu ba. Ya ce a can komai sufeto ne ke faɗa: ranar shuka, ranar ruwa, abin da za a shuka. “Ku lura, yara,” in ji shi, “ranar da mai geti ya zama shi ne mai faɗa, manomi ya daina tunanin ruwa, sai dai ya jira.”

A shekarun farko jiran ba shi da ɗaci, don kuɗin fetur yana nan kuma ma'aikata sun wadata. Mai geti yana zuwa kan keke a kan lokaci. Leburori na sare ciyawar kanal, tarakta na kaftu, taki na zuwa da rahusa. A shuka alkama a watan Nuwamba, sanyin hunturu ya raine ta, a girbe a Maris. Ban manta ƙamshin gonar alkama da asuba ba, da raɓa a ƙafar wando, da farin balbela a bayan masu ban ruwa. Tumatir ya zo ya zama sarki, kwanduna jere a bakin titi, manyan motoci suna lodi zuwa Legas, kasuwar Kwanar Gafan ta cika ta batse. Da aka hana shigo da alkama a 1987, har 'yan birni suka yi ta rububin gona. Mahaifina ya yi rufin kwano, ya sayi keke, daga baya ya sauke farali. Sauro da tsargiya su ma sun zo tare da ruwan, kusan duk yaron da ke wanka a kanal ya san fitsarin jini, amma a lissafin magidanta riba ta rinjayi wahala. Muna kuma jin labarin dam ɗin Bakolori, inda rikicin ƙasa da diyya ya kai ga harbe manoma a watan Afrilu na 1980, sai mu ga namu tashin ya zo da sauƙi.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tsarin tsuke bakin aljihu ya kankama, hannun gwamnati ya fara janyewa daga ayyukan noman rani a ko'ina cikin ƙasa. Leburori suka ragu. Laka ta taru a ƙananan kanal, kacala ta kafa gindi, ita ce ciyawar da ta je ta toshe hanyoyin ruwa a can Haɗeja da Nguru. Ruwan da ke isa wutsiyar kanal cikin awa biyu ya koma sai ya wuni. A nan ne zanen gari ya fara karɓar bashinsa.

Na sama ya datse hanya da buhun ƙasa ya shayar da gonarsa har ta yi ambaliya, na wutsiya yana kallon tumatir ɗinsa yana yaushi. Wa zai kai wa ƙara? Dagacinsu daban, limaminsu daban. Da dare ruwa ya fi yawa, amma wa zai bar iyali ya yi tafiyar awa guda cikin sanyi don ya yi gadin bututu? Waɗanda garinsu ke kusa da kanal suka riƙa shan na dare, mu na nesa mu zo da safe mu tarar da laka. Ga kuma masu haya da jingina: ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga Kano ya karɓi eka biyu na rani ɗaya, ya ajiye yaro, badi ba za a gan shi ba. Mutumin da zai tafi bayan girbi ba zai zubar da gumi wajen yasar da amfaninta sai shekara mai zuwa ba. Shanu kuma, tun da zanen bai bar musu burtali ko mashaya ba, sai suka riƙa gangarowa ta gefen kanal suna rusa shi, aka fara jin sanda da adda tsakanin mutanen da iyayensu ke musayar nono da hatsi.

Na taɓa raka mahaifina wurin na samanmu, lokacin ina hutu daga makarantar horon malamai. Ya yi sallama, ya ce, “Alhaji, don Allah a sassauta mana ruwan nan, dashenmu zai ƙone.” Mutumin bai yi rashin kunya ba. Cewa ya yi, “Malam, ni ma kuɗin ruwa na biya. Ka je ka gaya wa masu geti su ƙaro.” A hanyar dawowa Baba bai ce uffan ba sai da muka kusa gari, sannan ya ce, “Ba mugu ba ne. Bai san ni ba ne.”

A shekarun 1990 aka zo da maganar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manoma su zaɓi shugabanni, su yashe ƙananan kanal da kansu, su tsara layi, su tara kuɗi. Dattawa suka saurara, suka gane abin, don sun yi shi a zaure shekara da shekaru ba tare da hatimi ba. Abin da na gani da idona shi ne, inda Allah ya sa mutanen hanya ɗaya 'yan gari ɗaya ne, ƙungiya ta kama nan da nan. Sanarwa ɗaya bayan sallar asuba ta isa, kafin hantsi an fito da shebur, wanda bai fito ba kuma ya san zai sha kunya a majalisa da yamma. A irin tamu hanyar kuwa, kiran taro kansa aiki ne. A sa rana, mutanen gari ɗaya su zo, na ɗayan su ce ranar kasuwarsu ce, masu haya ko labari ba su ji ba. Takardar ƙa'ida iri ɗaya aka raba wa kowa, amma sakamakon ya bi yadda aka zaunar da mutane tun shekara ashirin baya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya gyara abin da ya gyaru. Ya ce zumunci a ƙafa yake, ya ɗauki kekensa ya riƙa zuwa Juma'a garin na ƙasanmu, ya je suna, ya je jana'iza, ya kai goron gaisuwa gidan Alhajin nan na sama lokacin da ya aurar da 'ya. Ya sa aka kafa 'yar rumfar kara a bakin geti, aka shimfiɗa buhuna, aka riƙa yin azahar a nan cikin jam'i maimakon kowa ya yi a kan kunyarsa. A rumfar nan aka fara yanke layi: wutsiya ta fara sha ranar farko, sama ta biyo baya, domin na sama ko yaushe ruwa zai same shi. A nan aka yarda a bar wani gefe mai gangare, aka zuba masa duwatsu, ya zama mashayar shanu, aka kira Arɗo ya sa albarka. Ya ɗauki shekaru kafin wannan ya zauna, kuma ba kowace hanya ce ta sami mai keke irin nasa ba.

Wasu kuma ba su jira ba. Da ƙananan injinan ban ruwa na fetur suka yawaita, da 'yan rijiyoyin burtsatse na fadama, mutane suka riƙa jan ruwa daga magudana ko daga kogi, kowa da injinsa da tiyonsa. Ya ceci amfanin gona da yawa. Sai dai duk wanda ya sayi inji ya rage zuwa rumfa, hannun da za a yi yasa da shi ya ragu da ɗaya.

Tun daga 2014 aka shigo da shirin TRIMING da rancen Bankin Duniya, aka gyara kanal a Kano da Haɗeja da Bakolori, aka sake ƙarfafa ƙungiyoyin, har suna da asusu a banki da rasit. Na yi murna da ganin ruwa yana isa wutsiya. Amma duk lokacin da na ji ana shirin sabon dam da sabon matsuguni a wani wuri, abin da nake so in ji an tambaya kafin a kafa turke shi ne su wa ke sha rami ɗaya yanzu, su wa ke gayya tare, ta ina shanu ke bi. A ba su hanyar ruwa ɗaya da layin gidaje ɗaya, a ajiye garin inda mutum zai ji ƙarar geti daga zaurensa, a bar wa gida wurin da zai faɗaɗa. Siminti ɗaya za a kashe.

Ƙanena ne ke noma gonar yanzu, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, kuma shi ke riƙe da littafin hanyarmu. Matsalar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya har yanzu masu haya ce, don kusan kowane rani sai ya goge sunaye ya rubuta sababbi. Bara suka yanke cewa aikin yasa yana wuyan mai gona, ko ya bayar da haya ko bai bayar ba: ya zo da kansa, ko ya turo mutum, ko ya biya kuɗin lebura kafin a buɗe masa ruwa. Mutum biyu sun ƙi, aka rufe musu, suka kai ƙara wurin hakimi, hakimi ya ce su koma rumfa a sasanta. Ɗaya ya biya a ranar. Ɗayan ya sayo inji.